Fashin Baƙi: Wane Sukari Ake Cewa A Rage, Kuma Ta Ina Yake Shiga Jikinmu?

Tun da gwamnatin Najeriya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba, a dokar kuɗi ta 2021 da aka fara aiki da wannan sashe nata a 2022, maganar sukari ba ta kwanta ba. Masu fafutukar lafiya na cewa harajin ya yi kaɗan, a ƙara. Masu masana'antu na cewa za a kashe musu kasuwa, a kori ma'aikata. Shi kuwa talaka abin da ya tsinta a cikin hayaniyar shi ne wai sukari guba ne, sai kowa ya yi wa maganar fassarar da ta yi masa daɗi. Wani ya daina sa sukari a koko amma yana shan lemo biyu a rana. Wata ta koma zuma tana kwararawa a shayi hankalinta kwance. Wani kuma ya hana 'ya'yansa mangwaro da kankana, wai suna da suga.

To wane sukari ne likitoci ke cewa a rage? Nawa ne ya yi yawa? Kuma ta wace ƙofa ya fi shigowa cikin abincinmu?

Sukarin da ake magana a kansa

Sukari iri biyu ne a wannan bahasi. Akwai wanda Allah Ya halitta a cikin abu, yana ƙunshe da ɓawo da tsoka da zare, kamar na cikin gwaiba, lemon zaƙi, ayaba da karas; na cikin madara ma a wannan kaso yake. Akwai kuma wanda aka raba shi da gidansa: farin sukari na kwali ko na buhu, mazarƙwaila, zuma, maɗi, da ruwan 'ya'yan itace da aka matse aka tace. Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa wannan kaso na biyu wuri guda, kuma shi take nufi idan ta ce a rage. Mutane da yawa kan yi mamakin ganin zuma da tataccen ruwan lemo a cikin jerin, amma suna ciki.

Dalilin bambancin yana cikin yadda jiki ke karɓarsu. Wanda ya ɓare lemon zaƙi ɗaya ya cinye da totuwarsa, sai ya tauna, cikinsa ya ɗauki nauyi, zaren da ke ciki ya riƙe sukarin ya riƙa sakinsa a hankali. Da wuya ka ga mutum ya zauna ya cinye lemo huɗu a jere. Amma a matse huɗun nan a kofi, zai shanye kafin ya ajiye numfashi, kuma ba zai ji ya ci komai ba.

A ƙa'idar da hukumar ta fitar a 2015, ta ce kada irin wannan sukari ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin abincin da mutum ke samu a rana, kuma in an iya saukar da shi ƙasa da kashi 5 ya fi. Ga babban mutum mai cin abinci daidai misali, kashi 10 ɗin nan kusan giram 50 ne, wato cokalin shayi 12 a shafe. Kashi 5 kuwa giram 25, cokali 6. Cokalin shayi ɗaya a shafe yana ɗaukar kimanin giram 4, ƙwayar sukari ta kwali kuma tana kai giram 5. Wannan lissafin na yini ne gaba ɗaya, daga karin kumallo har kwanciya, ba na kofi ɗaya ba.

A teburin mai shayi

Akwai wani mai shayi a bakin layinmu da na shekara da shekaru ina zama a bencinsa. Ban taɓa lura da hannunsa ba sai ranar da na yi niyyar ƙirgawa. Ya ɗauko kofin roba babba, ya zuba madara, ya zuba garin koko na gwangwani wanda shi ma da sukarinsa yake zuwa, sannan ya kai hannu robar sukari da cokalin da ya fi na shayi girma. Ɗaya, biyu, uku, kowanne da tozo. Ya ɗaga kofi sama yana sheƙa shi cikin ɗaya har ya yi kumfa.

Na ce, "Malam, gobe ɗaya za ka sa mini."

Ya dube ni da tausayi ya ce, "Subhanallahi, Yallaɓai, ciwon ne ya kama ka?"

Wannan tambayar tasa ita ce yadda muka ɗauki al'amarin. A wurinmu ba a rage zaƙi sai an kamu. Mai lafiya da ya ce a rage masa sukari, ko dai ana zaton yana ɓoye ciwo ne, ko a ce iyayi yake yi.

Mu yi lissafin yinin ma'aikaci ko ɗan kasuwa irina. Shayin safe, a ce ma ƙwaya huɗu kawai aka jefa, giram 20 ke nan, ba a sa na cikin burodi da na garin koko ba. Da rana zafi ya taso, ya ci shinkafa ya kora da lemon roba mai santilita 50. Yawancin lemukan nan masu gas suna ɗauke da giram 10 zuwa 11 a kowace mililita 100, don haka robar nan ɗaya ta haura giram 50. Ita kaɗai ta cinye kason yini. Kafin la'asar ya sha sama da giram 70, cokali 18 ke nan, kuma da yamma akwai zoɓo mai sanyi ko fura da aka dama da sukari tana jira. Idan ka tambaye shi zai rantse maka shi ba mai shan zaƙi ba ne, domin bai ci alewa ba, bai ci cincin ba. Gaskiya ya faɗa iya saninsa. Sukarin nasa duk ta maƙogwaro ya bi a narke, kuma abin sha ba ya tare ciki yadda abinci ke yi, shi ya sa bayan lemon ba ya rage ko loma ɗaya daga tuwon dare.

Nan ne nake ganin bakin zaren yake. Alkaki da nakiya da dubulan na gara, sau nawa ake cinsu a shekara? Gullisuwa da tuwon madara sai an yi marmari. Amma shayi, kunun zaƙi, kunun aya, zoɓo, yogot, lemo da maltina kullum ne. A Nijar da garuruwan kan iyaka a ƙara da shayin buta da ake dafawa zagaye uku, kowane zagaye da nasa sukarin, ana kurɓa tun hantsi har dare. Ita maltina ma ta samu wata daraja da ba ta cancanta ba: ita ake kai wa marar lafiya a asibiti, ita ake haɗawa da madara wai tana ƙara jini. Sukarin da ke cikinta bai gaza na lemo ba, kuma ba a san ta da ƙara jini ba. Mai ƙarancin jini hanta da wake da ganye da maganin da likita ya rubuta yake buƙata.

Shin sukari ne ke kawo ciwon suga?

Sunan ciwon ne ya fara ruɗa mu. Duk abincin da ke da sitaci, tuwo ne, shinkafa ce, doya ce ko burodi, jiki yana narkar da shi ya koma wani sukari da ake kira gulukos, wanda shi ne man da jiki ke ƙonawa. Wata gaɓa da ke bayan tumbi tana fitar da sinadarin insulin, shi ke buɗe wa gulukos ƙofa ya bar jini ya shiga tsoka da sauran sassa. Ciwon suga nau'i na ɗaya, wanda ya fi kama yara da matasa, yana faruwa ne idan garkuwar jiki ta lalata ƙwayoyin da ke yin insulin. Wannan ba shi da alaƙa da shan alewa, kuma zalunci ne a ɗora wa uwa laifi a kansa. Nau'i na biyu, wanda shi ne mafi yawa nesa ba kusa ba, yana zuwa ne idan jiki ya daina jin maganar insulin. Gado na da hannu a ciki, shekaru na da hannu, haka ƙiba musamman ta tumbi, da zama wuri ɗaya.

Sukari yana shigowa ta nan. Yana ƙara wa mutum abin da ya fi ƙarfin buƙatarsa ba tare da ya ƙoshi ba, rarar ta koma kitse. Kuma farin sukari rabi gulukos ne, rabi furuktos, shi kuwa furuktos hanta ce ke ɗawainiya da shi, in ya yi mata yawa sai ta mayar da shi kitse ta tara a jikinta. Bincike da dama da aka bi dubban mutane shekara da shekaru ya nuna masu shan lemon zaƙi kullum sun fi saurin kamuwa da nau'i na biyu. Saboda haka wanda ya ce sukari kaɗai ke kawo ciwon ya yi kuskure, wanda kuma ya ce kakansa ya sha zaƙi har ya shekara 90 lafiya lau, sai a tambaye shi ko kakan a mota yake zuwa gona.

Inda babu jayayya ko kaɗan shi ne haƙori. Ƙwayoyin cuta da ke zaune a baki suna cin sukari su fitar da tsami mai cinye fatar haƙori. Abin da ya fi ɓarna ma shi ne yawan maimaitawa: yaron da ke tsotsar alewa ɗaya bayan ɗaya tun daga makarantar boko har Islamiyya, haƙoransa ba sa samun hutu. Galibi ba a kai shi asibiti sai kunci ya kumbura.

Zuma, mazarƙwaila da maganin ɗaci

Kakanninmu sun san zaƙi, amma da wahala suke samunsa. Zuma sai an hau bishiya an sha harbi. Rake da takanɗa sai an tauna an tofar. Ɗinya da garin ɗorawa da kanya sai lokacinsu. Mazarƙwaila irin ta ƙasar Maƙarfi sai an matse rake an dafa an zuba a kasko. Wahalar ita ce ma'aunin. Yanzu kuwa ana shigo da ɗanyen sukari daga Birazil a jirgin ruwa, a tace a Legas, ya iso kowane ƙauye a ƙulli-ƙulli.

Shi ya sa da aka fara cewa farin sukari na da illa, zuciya ta koma ga na gargajiya. Sai dai kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne. Muna girmama ta, mun yi imani da warakar da aka ambata a cikinta, amma ko magani da awo ake shansa, kuma cokali uku na zuma a shayi ba su fi cokali uku na sukari sauƙi a jini ba. Jariri da bai shekara ɗaya ba kuwa ba a ba shi zuma sam, saboda wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai isa ya yaƙa ba. Mazarƙwaila ita ma sukari ce da ba a wanke mata launi ba. 'Yan sinadaran da suka rage a cikinta ba su taka kara sun karya ba. Dabino ya fi su, domin yana zuwa da zarensa, kuma uku a buɗa-baki babu mai cewa komai. Amma idan aka jiƙa rabin mudu aka niƙa aka tace a kunun aya, sannan aka ce "ai babu suga a ciki", an gudu ne ba a tsira ba.

Sai kuma masu maganin zaƙi. Kowa ya san jarkokin nan na jiƙo mai ɗaci da ake yawo da su a tasha da kasuwa, ana cewa yana wanke zaƙi da basir. Tunanin shi ne ɗaci na kashe zaƙi a ciki kamar yadda yake kashe shi a harshe. Sukarin da ka sha da rana ya riga ya shiga jini cikin ɗan lokaci, babu jiƙon da zai bi shi ya dawo da shi. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne mai ciwon suga da ya ajiye maganin asibiti ya koma jarka, ko mai juna biyu da ake ɗura wa saiwoyin da ba a san ƙarfinsu ba da sunan zubar da zaƙi kafin haihuwa.

Lemon da aka rubuta babu sukari fa? Ana sa masa wasu sinadarai ne masu zaƙi ƙwarai marasa ƙarfin abinci, irin su asfatam da sakarin. A watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da su don rage ƙiba, domin ba a ga suna yin hakan a dogon lokaci ba. A Yulin shekarar kuma cibiyarta mai binciken sankara ta sa asfatam a jerin abubuwan da ake tuhuma bisa hujja mai rauni, yayin da kwamitin da ke kula da abubuwan da ake ƙarawa a abinci ya bar ma'aunin da aka halatta yadda yake, ma'aunin da sai mai nauyin kilo 70 ya sha gwangwani 9 zuwa 14 a rana kafin ya haura shi. A ganina, wanda ya saba da lemo uku a rana, wannan tsani ne da zai iya takawa ya sauko. Matsalarsa ɗaya, yana barin harshe da ƙishirwar zaƙi yadda ya same shi.

Harajin: wa ya yi gaskiya?

Ba Najeriya ta fara ba. Meziko ta sa peso ɗaya a kan lita a 2014, kuma a shekarar farko sayen lemon ya ragu da kimanin kashi 6 cikin 100, raguwar ta fi yawa a gidajen masu ƙaramin ƙarfi. Birtaniya ta bi wata dabarar a 2018: harajin yana hawa ne gwargwadon yawan sukarin, daga giram 5 a mililita 100, ya ƙaru daga giram 8. Kamfanoni da yawa, don gudun biya, sai suka rage sukarin tun kafin dokar ta fara aiki, har matsakaicin sukarin da ke cikin lemukan ya sauka da fiye da kashi 40 cikin 100 a 'yan shekaru. Afirka ta Kudu ma a 2018 ta ɗora nata a kan kowane giram da ya haura 4 a mililita 100.

Namu a kan lita yake, ko sukarin ya yi yawa ko kaɗan, don haka bai ba kamfani dalilin ragewa ba. Kuma naira 5 a kan robar da farashinta ya ninka saboda tsadar rayuwa, wa zai ji ta? A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haraji ya ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin 100 domin ya canja ɗabi'a. Masu adawa kuma suna da abin faɗa: talaka ne zai fi jin nauyin, akwai dubban masu kanti da masu tallan lemo da ke ci daga wannan sana'a, kuma babu wanda ya nuna wa jama'a asibitin da kuɗin harajin ya gyara. Akwai ma wani abin da ke ba ni dariya. Ƙasar da ke son a rage shan sukari ita ce ke da babban shirin bunƙasa nomansa tun 2012, da gonaki a Numan da Lafiagi da Sunti, kuma ita ce ta wajabta a ƙara wa sukari sinadarin bitamin A don ta san babu gidan da ba ya shiga.

Amma ko da an ninka harajin sau goma, ba zai je teburin mai shayi ba, ba zai shiga robar zoɓon da aka ƙulla a gida ana sayarwa a ƙofar makaranta ba. Kaso mai yawa na zaƙin da Bahaushe ke sha, hannu ne ke zuba shi, hannun da muka sani, sau da yawa ma namu.

Ta ina za a fara?

Daga abin sha, kuma a hankali. Wanda ya yanke sukari dare ɗaya yakan dawo da shi cikin mako, da fushi. Wanda ya sauko daga cokali uku zuwa biyu, ya yi sati biyu a haka, sannan ya koma ɗaya, harshensa na bin sa. Ni yanzu idan aka ba ni shayin da nake sha a da, sai in ji kamar an narka alewa. Mai shayin namu ya saba, da ya hango ni yake cewa yaronsa, "Na Yallaɓai, ɗaya a shafe."

A gida abin ya fi sauƙi ga wadda ke riƙe da ludayi. A dama koko ko kunu ba sukari, a ajiye shi gefe kowa ya sa da cokali, domin abin da ido ya gani ana zubawa ya fi wanda aka juye a tukunya tsoratarwa. Zoɓo idan ya ji citta da kanumfari da ɓawon abarba ba ya neman sukari da yawa. Fura da nono mai kyau, tsaminta shi ne daɗinta. Lemon kwalba ya koma abin baƙo da biki yadda yake a da, ruwa ya koma mazauninsa a gefen kwano. Lokacin azumi ne aka fi yin ɓarin: kunu, zoɓo, lemo, tsamiya, duk a tabarma ɗaya, mutum ya cika ciki da ruwan zaƙi har ya kasa tsayuwar tarawihi. A zaɓi ɗaya.

Abin kanti kuma a juya bayansa. Ana jera kayan haɗi ne daga mafi yawa zuwa mafi ƙaranci, don haka idan sukari ne na farko ko na biyu, ka san abin da ka saya. Inda aka rubuta giram, raba shi gida huɗu ka samu adadin cokali, ka kuma lura ko lissafin na mililita 100 ne ko na robar gaba ɗaya. Yara 'yan ƙasa da shekara biyu, masana sun ce kada a sa musu sukari a abinci ko kaɗan, domin a wannan lokacin ne harshe ke koyon abin da zai nema har tsufa. Kunun yaye da gyaɗa ko ayaba ya wadatar.

Inda sukari yake zama magani

Kada dai a wuce gona da iri a kore shi daga gida. Yaron da ke gudawa, idan babu ƙullin gishirin asibiti a kusa, ana haɗa masa lita ɗaya ta tsabtataccen ruwa da cokalin shayi 6 na sukari a shafe da rabin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan har a isa asibiti. Sukarin ne ke taimaka wa hanji ya ja gishirin da ruwan, kuma wannan haɗin ya ceci yara masu ɗimbin yawa. Lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, yana iya ma ƙara gudawar.

Haka mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan wasu magungunan, wani lokaci sukarin jininsa kan faɗi ƙasa, musamman idan ya sha magani bai ci abinci ba. Zai fara karkarwa da zufa da jiri, magana ta sarƙe. Idan yana cikin hayyacinsa, a ba shi ƙwayar sukari uku ko huɗu, ko rabin kofin lemo mai sukari, a jira minti 15, in ya dawo daidai a ba shi abinci. Idan ya suma kuwa ba a ɗura masa komai a baki, a kwantar da shi ta gefe a nemi mota.